Malamin da ya Zauna a Unguwar Sabo ta Ibadan: Abner Cohen da Sirrin Riƙo da Asali

A shekarun da ƙasashen Afirka suke karɓar mulkin kai, akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan masu mulki da 'yan boko, Turawa da baƙar fata baki ɗaya. Zaton shi ne ƙabilanci ragowar zaman ƙauye ne, kuma da zarar mutane sun shigo birni, sun shiga makaranta, sun kama aikin albashi, zai gushe da kansa. Yau an haura shekara 60 ana jira, bai gushe ba. Mutumin da aka haifa a Ibadan, aka kuma haifi ubansa a can, har gobe Bahaushe yake kiran kansa, haka maƙwabtansa Yarbawa suke kiransa. Wasu sukan ce jahilci ne ya hana shi sajewa, wasu su ce abin a jini yake, ba mai iya kankare shi. Duka amsoshin biyu na masu gudun wahalar bincike ne. Akwai wani malamin jami'a, masanin zamantakewar ɗan Adam, da ya ƙi yarda da su, ya kwashe sama da shekara 30 yana bin sawun tambayar daga ƙasa zuwa ƙasa. Sunansa Abner Cohen, kuma mafi shaharar aikinsa a kan Hausawa ya yi shi. Abin da rayuwarsa ta ilimi ta tabbatar, wanda kuma nake ganin gaskiya ne, shi ne riƙo da asali aiki ne da rayayyun mutane suke yi domin warware matsalolin yau: wa zan amince wa da dukiyata, wa zai tsaya mini idan na shiga uku, wa zai yi magana da yawuna a gaban hukuma.

An haifi Cohen a Bagadaza a 1921, cikin Yahudawan Iraki, al'ummar da ta daɗe a ƙasar tana magana da Larabci kafin mafi yawanta su watse bayan kafa Isra'ila. Shi ma ya bar ƙasar haihuwarsa, ya zauna a Isra'ila, daga baya ya wuce Ingila ya yi digirin digirgir a Jami'ar Manchester ƙarƙashin Max Gluckman. Wannan makaranta tana da tafarkinta. Gluckman da abokan aikinsa, irin su Clyde Mitchell, sun yi nazarin ma'aikatan haƙar tagulla a ƙasar da yau ake kira Zambiya, suka lura cewa sunan ƙabila a birni ba irin aikin da yake yi a ƙauye yake yi ba. Sun koyar da ɗalibansu su bar kallon al'ada a matsayin kayan tarihi, su dinga bin rikici guda ko shari'a guda daki-daki har su ga wa ya samu, wa ya rasa. Da wannan horo Cohen ya yi bincikensa na farko a ƙauyukan Larabawa da suka faɗa cikin iyakar Isra'ila, ya fitar da littafi a 1965. A can ya ga abin da ya zama jigon aikinsa har ƙarshen rayuwa: tsarin dangi na zuriya, wanda aka ɗauka ya fara mutuwa, ya sake ƙarfi a ƙarƙashin sabon mulki, domin ta hanyarsa ake rabon kujeru da ƙuri'u. Daga nan ya kama koyarwa a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, inda ya kai matsayin farfesa. Ya rasu a 2001.

A 1962 ya sauka Ibadan, ya zauna fiye da shekara guda yana bincike a unguwar Sabo, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Mutanen unguwar a lokacin ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, amma a hannunsu manyan fatauci biyu suke: shanu daga arewa zuwa kudu, goro daga kudu zuwa arewa. Cohen ya fara da tambayar da ɗan kasuwa zai fara da ita, wato ta yaya wannan ciniki yake tafiya ko kaɗan. Saniya ba ta daɗewa a kurmi, domin ƙudan tsando yana sa mata sammore, ta rame, darajarta ta zube. Dole a sayar da ita da wuri. Mahautan Ibadan kuwa Yarbawa ne, kuma galibinsu ba su da kuɗin biya nan take, sai dai su ɗauka bashi su biya bayan sun sayar da nama. Kusan shanu 75,000 ake sayarwa a karar Ibadan kowace shekara a wancan zamani, mafi yawa a kan bashi, ba takarda, ba banki, ba dogaro da kotu. Goro ma haka. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma manoman Yarbawa sun dasa goron da Bahaushe yake so, kasuwar ta karkato daga Gwanja zuwa ƙasar Yarbawa. Goro kuwa abu ne mai saurin lalacewa, yana buƙatar gwanin da ya san zaɓe da ɗauri da ganye, da kuma labarin farashin Kano ko Sakkwato kafin a ɗora huhu a jirgi. Mai dukiya yana ɗaruruwan mil nesa da dukiyarsa. Idan ba amana, ciniki ya mutu.

Maganin wannan matsala shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙon falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa waɗanda suka san kowane mahauci da iyakar bashin da zai iya ɗauka. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa, domin sunansa shi ne jarinsa, kuma labarin wanda ya ci amana yakan riga shi isa arewa. Mahaucin da ya saba alkawari kuwa, dillalai gaba ɗaya sukan juya masa baya har sai ya sauke nauyin. Irin wannan tsari ba ya tsayawa sai in mutane suna jin harshe guda, suna jin kunyar juna, suna aurar da 'ya'ya a tsakaninsu, suna ba juna riƙon yara, suna kuma da shugaba guda da zai raba gardama. A nan ne Cohen ya ga abin da ya ba shi mamaki: Hausantakar Sabo ba kwafin ta Kano ko Katsina ba ce. Sabon gini ce da aka yi da tsofaffin kaya, kuma ta wasu fuskoki ta fi ta gida tsauri. Kafin a karɓi mutum a matsayin ɗan unguwa, ana duba ko Hausa ce harshensa, ko Musulmi ne, ko zai iya ambaton garinsu a ƙasar Hausa, da kuma ko fuskarsa ba ta ɗauke da tsagar wata ƙabila. Hatta makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu da tsarin saukar baƙinsu. Duk wanda ya saje da Yarbawa ya fita daga da'irar amana, ya kuma rasa hanyar abincinsa. Littafin da ya tattara wannan bincike, Custom and Politics in Urban Africa, ya fito a 1969.

Babin da ya fi jan hankali a littafin shi ne na abin da ya faru a farkon shekarun 1950. Muddin Turawa suna mulki ta hannun sarakuna, hukuma ce take tsare iyakar Sabo: ta amince da Sarkin Sabo, ta mara wa hukuncinsa baya, ta keɓe unguwar ga Hausawa. Da guguwar neman 'yanci ta taso, wannan gata ya fara zamewa. Jam'iyyu suka shigo suna neman ƙuri'a, suna raba kan jama'a. A lokaci guda kuma Yarbawan Ibadan suna ta shiga Musulunci da yawa, har addinin da a da yake bambanta Bahaushe da mai masaukinsa ya zama abin da ya haɗa su a sahu guda. A daidai wannan gaɓa, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, mafi yawan mazan Sabo suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a tafarkin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. A 1952 suka daina zuwa babban masallacin Juma'a na gari, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa. Wazifa ta tara mutane kullum, zikirin Juma'a ya tara su kowane mako, kowane muridi ya rataya ga muƙaddaminsa, manyan malamai kuma suka zama masu faɗa a ji tare da sarki da masu gidaje. Katangar da hukuma ta daina tsarewa, jama'a suka sake gina ta da ibada. Wannan shi ne abin da Cohen ya kira komawa ga ƙabila a tsakiyar birni, kuma ya nuna cewa sabon zamani ne ya haife shi, ba tsohon ba.

A nan ne mai karatu Musulmi zai ɗaga hannu, kuma yana da hujja. Zai ce wannan bayani ya mayar da ibada dabarar kasuwa, alhali mutumin da ya tashi da asuba yana jan wuridi ba farashin goro yake tunani ba, Ubangijinsa yake nema. Zai ƙara da cewa a shekarun nan guda Failar Shehu Ibrahim, wato tafarkin nan nasa, ta bazu a Kano da Zariya da Kumasi, kuma a Kano babu wani Bayarabe da ake gudun sajewa da shi. Wannan suka ta biyu gaskiya ce, kuma ta sa wa bayanin Cohen iyaka: bai isa ya zama dalilin yaɗuwar ɗariƙa a Afirka ta Yamma ba. Abin da ya iya bayyanawa shi ne me ya sa unguwa guda ta karɓe ta kusan gaba ɗaya, cikin gaggawa, a wannan lokaci, da kuma irin aikin da karɓar ta yi wa zaman jama'a. Game da suka ta farko kuwa, Cohen da kansa ya ba da amsa a littafinsa Two-Dimensional Man na 1974. Ya ce ɗan Adam fuska biyu gare shi a lokaci guda, mai neman iko da abin rufin asiri, da mai neman ma'anar rayuwa da mutuwa da ciwo da rashi, kuma ba a iya narkar da ɗaya cikin ɗaya. Ibadar da aka yi domin riba kawai ba ta iya ɗaure mutane, domin kowa zai yar da ita ranar da ribar ta yanke. Ikhlasin masu yin ta ne yake ba ta ƙarfin riƙe al'umma. Niyyar bawa tsakaninsa da Allah ce, kuma masanin zamantakewa ba shi da ma'aunin ta. Amma sahun da ibada ta tsayar a unguwa, da wanda ta haɗa da wanda ta raba, abu ne da ido yake gani, kuma babu laifi a yi nazarinsa.

Abin da ya ɗaga darajar aikin Cohen sama da labarin unguwa guda shi ne yadda ya ɗauki ra'ayinsa ya je ya gwada shi a inda zai iya karyewa. A wajen 1970 ya tafi Freetown ta Saliyo, ya yi nazarin Kiriyo, jikokin 'yantattun bayi, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba amma suka mamaye aikin gwamnati da alƙalanci da likitanci. Su Kiristoci ne masu zurfin boko, ba fatake ba. Duk da haka, da siyasar rinjaye ta fara barazana ga matsayinsu, sai mazansu suka dinga tururuwa cikin ƙungiyar asiri ta Freemason, suna ƙarfafa zumunci ta bukukuwa da jana'iza da addu'o'in tunawa da mamata. Littafin wannan bincike ya fito a 1981. Bai tsaya a Afirka ba. Ya juya ya dubi attajiran unguwar bankuna ta Landan, waɗanda suke ƙulla cinikin miliyoyi da baki kawai, ya nuna cewa amanarsu ta tsaya ne a kan makarantun kwana guda da suka yi, da karin harshe guda, da irin sutura guda, da auratayya. Ya ce a fili, bambancinsu da sauran mutanen Ingila irin na Hausawan Sabo ne da Yarbawa. A ƙarshe ya bi bikin titi na Notting Hill a Landan, wanda baƙaƙen fata 'yan asalin tsibiran Karebiyan suka mayar da shi dandalin bayyana kansu da ƙorafinsu, musamman bayan artabun da aka yi da 'yan sanda a 1976. Littafin ya fito a 1993. Da wannan jerin ayyuka ya cire wa ɗan Afirka tambarin cewa shi kaɗai ne mai ƙabilanci. Masana tarihi ma sun amfana: Philip Curtin ya ɗauki fahimtar Cohen ta al'ummar fatake da ke warwatse a garuruwa amma a ɗaure da juna, ya auna tarihin cinikin duniya da ita a littafinsa na 1984.

Akwai suka ta uku, wadda ta fi taɓa zuciya. Mutum zai ce idan asali abu ne da ake ginawa gwargwadon buƙata, ashe ke nan ƙarya ne, kuma duk alfaharin da muke yi da kakanni iska ce. Wannan bai biyo ba. Ganuwar Kano mutane ne suka gina ta da hannu, aka faɗaɗa ta zamani bayan zamani, kuma ba wanda ya ce don haka ba ganuwa ba ce. Tarihin Hausawa da kansa shaida ne. Paul Lovejoy, a bincikensa kan fataucin goro na 1980, ya nuna cewa manyan zuriyoyin da suka riƙe hanyar Gwanja, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, tushensu daga wajen ƙasar Hausa yake, biyun farko daga ƙasar Buzaye, na ukun daga Barno. Sun zauna, sun ɗauki harshe da sana'a, sun zama Hausawa ba tare da sun manta sunan gidansu ba. Kafin su, Wangarawa sun zo daga Mali. Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978, ya bi yadda harshe da fatauci da malanta suka kai Hausantaka lungunan Afirka ta Yamma, Enid Schildkrout kuma ta nuna a shekarar guda yadda 'ya'yan Mosawa a zangon Kumasi suke tashi da Hausa a bakinsu. Fredrik Barth, wanda littafinsa ya fito a shekarar da na Cohen kan Sabo ya fito, ya kai ga irin wannan matsaya: mutane suna tsallaka iyakar ƙabila kullum, iyakar kuma tana nan. Sanin haka ba ya rage wa Bahaushe daraja. Yana nuna masa cewa ƙarfin al'ummarsa tun asali a buɗaɗɗiyar ƙofa yake, kuma mai neman auna Hausantaka da tsarkin jini yana jayayya ne da tarihinta.

Wannan ba ya nufin Cohen ya kuɓuta daga kuskure. A 1975 Talal Asad ya yi wa littafinsa na farko suka mai nauyi, ya ce ya ba tsarin dangi muhimmanci fiye da kima, bai ba mulkin soja da ƙwace filaye da Larabawan suke ciki nauyin da ya kamace su ba. Suka ce da ta cancanci a saurara, kuma tana tunatar da mu cewa mai bincike ma ɗan wani wuri ne, yana da abin da idonsa yake tsallakewa. A Sabo ma, wanda ya ƙura wa masu gidaje da dillalai ido zai fi ganin haɗin kai a kan ganin yaron gidan da ya tsufa bai mallaki komai ba. Amma maganin binciken da ya gaza shi ne binciken da ya fi shi, ba barin bincike ba. A nan nauyi ya dawo kan jami'o'inmu. Akwai sassan nazarin zamantakewa a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, kuma cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna cewa ana iya yin bincike na dogon zama cikin jama'a a wannan yanki. Sai dai tsarin ƙarin girma da yake ƙirga yawan muƙalu, da ƙarancin kuɗin bincike, da cunkoson ɗalibai, suna tura malami ya raba takardar tambayoyi na mako biyu ya kira shi nazari. Abin da Cohen ya gano ba ya fitowa daga irin wannan takarda. Sai da ya ƙirga gidaje, ya bi bashi daga hannu zuwa hannu, ya san wa ya auri 'yar wa, ya karanta tsofaffin takardun hukuma, sannan hoton ya fito. Ɗan gida yana da harshe da sanin kunya da ladabin shiga mutane, abubuwan da baƙo yake shan wahala kafin ya samu. Abin da yake buƙata shi ne lokaci, da horon tambayar abin da kowa ya ɗauka sananne ne.

Amfanin wannan ilimi ba na ɗakin karatu kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2021, ƙaramin saɓani a kasuwar Shasha ta Ibadan ya rikiɗe ya zama faɗan Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. Kafin nan an ga irinsa a Shagamu a 1999. Duk lokacin da haka ta faru, bayanin da ya fi saurin yawo shi ne tsohuwar gaba ce tsakanin ƙabilu. Wanda ya fahimci Cohen ba zai tsaya nan ba. Zai tambayi wa ke riƙe da shugabancin kasuwa, wa ke karɓar kuɗin rumfa da na sauke kaya, wace hanya ce ta sasanci ta lalace, wa kuma zai ci riba idan aka kori wani. Waɗannan tambayoyi suna da amsa, amsar kuma tana da magani, saɓanin gabar jini wadda ba a iya yi mata komai sai jimami. Darasin ya shafi arewa kamar yadda ya shafi kudu, domin Sabon Garin Kano da na Zariya su ma unguwannin baƙi ne da suka riƙe asalinsu saboda dalilai irin na Sabo, kuma adalcin da muke nema wa ɗan'uwanmu a Ibadan shi ne wanda ake binmu a gida. Matuƙar kotu ba ta ƙwato wa talaka bashinsa, banki ba ya kallonsa, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kuma ita ce mabuɗin makaranta da aiki, mutane za su ci gaba da fakewa a inuwar ƙabila, kuma ba wauta suke yi ba. Mai son rage kaifin ƙabilanci sai ya gyara waɗannan, mai son gyara su kuma sai ya san yadda suke aiki a ƙasa. Shi ya sa ya kamata gwamnatoci da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin matasan masana su je su zauna shekara guda cur a kara da tasha da zango, su dawo su rubuta abin da suka gani da harshen da mutanen wurin za su iya karantawa su yi musu gyara.